Neman kalma: me za mu kira “fuel economy” da Hausa?

Mai fassara: Assalamu alaikum jama'a. Wata kalma ce ta tsaya mini a wuya. Akwai shirye-shiryen talabijin masu bin kadin masu saye, irin su Watchdog da BBC ta daɗe tana yi a Birtaniya, da Marketplace na CBC a Kanada da ake yi tun 1972. A irin waɗannan shirye-shirye batun mota ba ya ƙarewa, ko dai a ce kamfani ya faɗi abin da ba haka ba a kan man da motarsa ke sha, ko a kama dillalin motocin hannu yana ha'inci. Kalmar ita ce “fuel economy”. Na ga an rubuta “tattalin arzikin mai”, wanda duk mai karatu zai ɗauka zancen ɗanyen mai ake yi a kasuwar duniya. Na kuma ga “tattalin mai”. Me kuka gani?

Makanike: Wa alaikumus salam. Malam, ai kalmar tana bakinmu tun tuni: shan mai. Ba wanda ya taɓa kawo mini mota ya ce tattalinta ya lalace. Cewa yake, “Motar nan ta fara shan mai, duba mini.” Mai saye ma tambayarsa ta farko ita ce yaya shan manta. Kada ku wahalar da kanku.

Malamar Hausa: Ina bayan Oga. Tattali aikin mutum ne, shi ya sa ake cewa tattalin kuɗi, tattalin lafiya. Direba shi ke tattalin mai, idan ya daina take totur ba gaira ba dalili, ya kula da iskar taya, ya sauke tarkacen da ke but. Mota ba ta tattali, sha kawai take yi. A bar “tattalin mai” ga halin direba, yana da aikinsa a can.

Mai fassara: Na gode Malama, amma ga inda na maƙale. Ma'aunin iri biyu ne, kuma sun ba juna baya. A Amurka da Birtaniya ana ƙirga mil nawa mota ke yi da galan ɗaya, lamba in ta yi girma abin yabo ne. A yawancin Turai da Kanada kuwa ana ƙirga lita nawa take sha a kilomita 100, lamba in ta yi girma abin kuka ne. To ɗauki labarin Hyundai da Kia. A Nuwamban 2012, bayan binciken hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, sun amsa cewa sun ƙara gishiri a lambobin motoci kusan 900,000. Motar Hyundai Elantra da aka yi ta tallata ta da mil 40 a galan a babban titi aka sauko da ita 38. A 2014 suka biya tarar dala miliyan 100. In na rubuta “sun ƙara gishiri a shan man motocinsu”, ai na juya labarin kenan, mai karatu zai ce kamfanin ne ya yi wa kansa sharri.

Ɗalibin injiniya: Malam, kalma ɗaya ba za ta ɗauki kayan nan ba, biyu ake buƙata. Turancin ma biyu gare shi. Shawarata: “shan mai” ga lita nawa a kilomita 100, sai “nisan lita” ga kilomita nawa a lita ɗaya. Sai ka ce sun ƙara gishiri a nisan litar motocinsu, magana ta miƙe. Kuma don Allah masu fassara a riƙa mayar da galan zuwa lita, domin galan ba ɗaya ba ne. Na Amurka lita 3.785 ne, na Birtaniya 4.546. Mil 40 a galan ɗin Amurka kusan kilomita 17 ne a lita, a na Birtaniya kuwa 14 da 'yan kai. Lamba ɗaya, mota biyu daban.

Malamar Hausa: “Nisan lita” ya ɗan yi mini tauri a kunne. Me zai hana “zangon lita”? Zango ai shi ne abin da matafiyi ya ci kafin ya yada, kuma kunne ya saba da “mai cin dogon zango”.

Ɗalibin injiniya: Ya fi daɗi a baki, Malama, ban musa ba. Sai dai ina so mu ajiye zango don wani aikin, wato iyakar tafiyar da mota za ta yi da cikakken tanki, ko da cikakken caji in mai lantarki ce. Nan ne ake yada zango na gaskiya, a tsaya a ƙara mai ko a jona waya. Mota mai ƙaton tanki tana iya cin dogon zango alhali nisan litarta bai taka kara ya karya ba. In muka kashe zango a nan, gobe za mu rasa ta cewa.

Malamar Hausa: Na sallama, ɗana. Nisan lita ɗin.

'Yar jarida: Ku ba ni wuri in shigo, don ni a ganina duk ba ku taɓo inda shirye-shiryen nan ke zuba ido ba. Abin da suke bi shi ne tazarar da ke tsakanin lambar da ke manne a gilashin sabuwar mota da abin da direba ke gani a gidan mai. Ita lambar gilashi ba a titi ake samo ta ba. A cikin ɗaki ake ɗaure motar, tayoyinta na gudu a kan wasu gangunan ƙarfe masu juyawa, direba na bin wani layi a allo da ke nuna masa inda zai taka da inda zai saki. Tsohon gwajin Turai, NEDC, kusan minti 20 ne, tafiyar kilomita 11, ba na'urar sanyi, ba fitila, ba hawa ba gangara. Wa ke tuƙi haka?

Kafin a shiga ɗakin kuma akwai wani gwaji a fili. Ana kora motar ta yi gudu, a cire giya, a bar ta ta gangara da kanta, a auna yadda iska da taya ke rage mata gudu. Da wannan sakamakon ake saita nauyin gangunan. To a nan ake wasan. A ɗura wa taya iska fiye da ƙa'ida, a liƙe tsagogin jikin mota da salatif don iska ta wuce sumul. A nan ɗin Hyundai da Kia suka samu matsala, a nan kuma asirin Mitsubishi ya tonu a Japan a Afrilun 2016, kan ƙananan motoci 625,000. Abin dariyar, Nissan da ake ƙera wa wasu daga cikin motocin ita ta gano lambobin ba su dace ba. Cibiyar bincike ta ICCT ta lissafa cewa tazarar nan a Turai ta tashi daga kusan kashi 9 cikin 100 a 2001 zuwa kusan 42 a 2016. Shi ya sa aka kawo sabon gwaji, WLTP, daga Satumban 2017, mai minti 30 da kilomita 23 da gudu mai kama da na mutane.

Don haka ni kalmomin da nake buƙata a bakin aiki su ne na ɓangarorin nan biyu. Ina ba da shawarar “shan mai na takarda” da “shan mai na titi”.

Makanike: Hajiya, wannan ta zauna daram. Ko yaron shagona zai gane. Na titi kuma ba ya buƙatar ɗaki: cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, rubuta kilomita, yi zirga-zirgarka, koma ka sake cikawa, ka raba kilomitar da ka yi da litar da ta shiga. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

'Yar jarida: Haka masu talabijin ɗin ma suke yi, Oga. Amma a yi hattara, tuƙin ɗan jarida ɗaya na yini ɗaya ba hujja ba ce a kan kamfani. Sanyi, cunkoso, nauyin ƙafa, duk suna canja lamba. Hujja tana ƙarfi ne in an maimaita da ƙa'ida, kamar yadda mujallar Consumer Reports ta samu mil 37 a galan a motar Ford C-Max da aka rubuta wa 47, daga baya a 2013 Ford ta sauko da ita 43. Mu ma 'yan jarida ba waliyyai ba ne. A 1992 shirin Dateline na tashar NBC ta Amurka ya nuna motar kamfanin General Motors tana kama wuta a gwajin karo, ashe an ɗaura mata abin tayar da wuta, sai da suka nemi afuwa a 1993. Shi ya sa ba na son a kira irin shirin nan “tonon silili”, sunan ya riga ya yanke hukunci. “Binciken ƙwaƙwaf don masu saye” ya ishe mu.

Mai fassara: Madalla. Saura ɓangaren motocin hannu. Abin nan da ake yi wa ma'aunin tafiyar mota a rage lambarsa, wanda Turawan Ingila ke kira “clocking”. Hukumar kiyaye haɗurran titi ta Amurka, NHTSA, ta ƙiyasta ana sayar da motoci sama da 450,000 a shekara da lambar ƙarya. “Mayar da mita baya” ya yi tsawo, kuma mita na iya tafiya da hankali wajen wutar lantarki.

Makanike: Ni aski nake ce masa. An yi mata aski. Da can sai an kwance dashbod an juya lambobin da hannu, kuma sau da yawa za ka ga ba su jeru daidai ba. Mutane suna zaton na zamani mai lantarki ya fi tsaro, alhali ya fi sauƙi: akwai wata kafa a ƙarƙashin sitiyari inda muke jona na'urar duba lafiyar inji, nan ake jona kwamfuta, kafin ka sha ruwa an gama. Amma mota ba ta iya ɓoye shekarunta. Allo na cewa kilomita 40,000, robar birki kuwa ta cinye har ƙarfe ya leƙo, sitiyari ya yi santsi yana ƙyalli, kujerar direba ta lotsa. Wani lokacin ma takardar canjin baƙin mai da aka manta a jikin ƙofa ita ke tona asiri, an rubuta 150,000 a kai.

Malamar Hausa: “Askin kilomita” na da armashi, Oga, zai kuma yi saurin kama baki. Amma a labarai ya yi sauƙi da yawa, kamar abin raha, alhali zamba ce. Wanda aka cuta ya biya kuɗin da ya fi ƙimar motar, kuma zai jinkirta gyaran da lokacinsa ya riga ya wuce. A rubutu na fi son “maguɗin kilomita”. Aski ya zauna a hira.

Ɗalibin injiniya: Kuma maguɗin na da magani. Beljiyam ta kafa tsarin Car-Pass a 2006: duk garejin da ya taɓa mota sai ya aika da kilomitarta rumbu ɗaya, mai sayarwa kuma dole ya miƙa wa mai saye takardar tarihin. A Birtaniya ma ana iya duba kilomitar da aka rubuta a gwajin lafiyar mota na shekara-shekara a intanet da lambar motar kawai.

Mai fassara: Ɗaya ta rage. Mutumin da gidan talabijin ke turawa wurin dillali da ɓoyayyiyar kyamara, ya yi kamar mai saye ne. Na rubuta “mai sayen bogi”, sai na ga kamar shi na mayar ɗan damfara.

Makanike: Ai ba ya saye, Malam. Ya zagaya motar, ya buɗe bonet, ya tambayi ko ta taɓa haɗari, ya taya, ya tafi. Mai tayin gwaji ne.