Masu haɗa haƙori, sikana zan fara saya ko injin sassaƙa?

Dan_Kawo:
Salam 'yan uwa. Ina da ɗan lab a Kawo, haƙorin roba da hular haƙori nake yi, har yau da filasta da kaki nake fama. To yanzu likitocin da nake wa aiki sun fara cewa su fa fayil ɗin hoton baki na kwamfuta za su riƙa turowa, sun gaji da aiko da awon baki a leda a hannun mai keke. Na ɗan tara kuɗi, wasu na zuga ni wai in sayi injin sassaƙa kawai a wuce wurin. Dan Allah wanda ya sani, ta ina ake farawa?

Maman_Khalifa:
Wslm. Ƙanena kar ka soma taɓa injin nan yanzu wlh. Shi fa ba shi kaɗai yake zuwa ba, yana son kwamfuresa ga kuma tanda, don zirkoniya, farin abin nan da ake yin hular haƙori da shi, in an sassaƙo ta laushi gare ta kamar alli, sai ta shiga tanda mai zafin wajen digiri 1500 ta yi awanni kafin ta yi tauri, a nan ne kuma take tsukewa kusan kashi 20 cikin 100, shi ya sa manhajar ke fitar da ita da girma tun farko. To ka ce an ɗauke wuta ana tsakiyar gashi, kai ma ka san halin wutar garin nan, shikenan asara, kala ma ba za ta fito daidai ba. Ka nemi kwamfuta mai ƙarfi da sikanar tebur mai mayar da awo fayil, ka zauna ka koyi zane a manhajar exocad ko 3Shape, ka tura fayil wa masu inji a Abuja ko Legas su sassaƙo maka. Kuma ka guji manhajar sata da ake tallarta da araha, ranar da ta maƙale ba ka da wanda za ka kira.

BabaTudunWada:
Ku yaran yanzu kuna ji kamar jiya aka ƙirƙiro abin, alhali tun 1985 aka fara CEREC, wato haɗa haƙori da kwamfuta, a Zurich. Ni ban ƙi ba. Amma kwamfuta ba ta san kalar haƙorin dattijon da ya shekara 40 yana cin goro ba, da burushi za ka bi ka shafa kala a hannu har ya saje da 'yan uwansa. Wanda bai iya cizo, wato haɗuwar haƙoran sama da na ƙasa, a kaki ba, a allo ma shirme zai zana.

Sadiq_Kakuri:
Baba gaskiya ne, amma a faɗi alherinta. Lokacin hunturu awon aljinet, abin nan da ake ɗaukar awon baki da shi, kafin ya iso daga Barnawa ya bushe ya motse, ka zuba filasta ka yi hula ta ƙi zama, likita ya ce laifinka ne. Fayil ba ya bushewa a hanya. Sai dai sikanar baki ba ta ganin abin da jini ko yawu ya rufe, in gefen haƙorin bai fito ba ka mayar musu su sake, kar ka yi cinta.

Dan_Kawo:
Na gode ƙwarai. Anti, to in fayil za su turo me zan yi da sikanar tebur kuma?

Maman_Khalifa:
Ai ba duka ne ke da sikanar baki ba, sauran awo za su ci gaba da aiko maka. Masu ita kuwa, Medit ce ko TRIOS, ka ce su fitar maka da fayil irin STL, sama da ƙasa da cizo.