Allurar mura ta sa ma yarinyata borin jini

Uwar yara, Jidda:
Salam yan uwa dan Allah ina neman shawara, jiya na kai yarinyata yar shekara 7 mustausaf (karamin asibiti) aka mata allurar mura, da daddare sai jikinta ya fito da borin jini tana ta susa, wallahi ban runtsa ba. Dama kwai yana sa mata kaikayi, ko shi ne?

Hajiya daga Makka:
Sannu yar uwa Allah ya bata lafiya. Eh yawancin alluran nan a cikin kwai ake hada su amma abin da ke saura kadan ne sosai, masu matsalar kwai ma ana musu. Ki kira 937, layin ma'aikatar lafiya ta Saudiyya, likita zai miki bayani, kuma ki maida ta su rubuta a fayil dinta saboda badi.

Wani dan Madina:
Yaya ki kula da numfashinta, in lebe ko harshe ya kumbura ko tana shan wuya wajen numfashi kar ki jira gari ya waye, 997, lambar motar asibiti ta gaggawa, zaki kira nan take. Irin wannan mai tsananin ba kasafai yake faruwa ba, kuma yawanci cikin mintuna yake zuwa shi yasa ake cewa a zauna minti 15 bayan allura.

Uwar yara, Jidda:
Nagode, numfashinta lafiya lau alhamdulillah, yanzu zamu koma mustausaf din.