Alƙahira ko Amman? Ina neman shawarar waɗanda suka zauna a can

Sadaukin Gwale: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aiki a sashen labaran duniya na wani gidan rediyo a Kano, kimiyyar siyasa na karanta. Kullum ni ke haɗa labarin Gaza da Yaman da Siriya da Labanan, amma abin da Turawa suka rubuto ne kawai nake juyawa Hausa. In mai sauraro ya bugo waya ya ce me ya haɗa Hizbullah da Iran, ko me ya sa Saudiyya da Daular Larabawa suka rufe wa Ƙatar iyaka a 2017, amsar da nake bayarwa ba ta gamsar da ni kaina. Na samu hutun shekara guda ba albashi, na sayar da filina, abin da ke hannuna ya kai dala dubu huɗu. Larabcin Islamiyya gare ni, ina karanta jarida da ƙamus a gefe, amma in suna hira ba na tsintar komai. Alƙahira zan tafi ko Amman? Ba karatun addini zai kai ni ba, harshe da siyasa da zaman mutane nake son sani. Iyali suna gida.

Abu Huzaifa: Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa ka nemi Jami'ar Musulunci ta Madina. Karatu kyauta, ga alawus, ga tikitin jirgi, ga Harami kusa. Me ya fi wannan?

Sadaukin Gwale: Allah ya gafarta Malam, na ce ba ɓangaren addini ba ne, kuma shekaruna sun wuce na masu fara digiri.

Abu Huzaifa: Duk ilimin da ba na addini ba ai a gida ma ana samu.

Ɗan Bu'us: Alƙahira, ba sai an yi dogon zance ba. Ni a Azhar nake, na fara zama a masaukin ɗalibai baƙi na Bu'us kafin na koma Hayyul Ashir a Madinat Nasr. Hedikwatar Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa tana nan bakin dandalin Tahrir, tun 1945 aka kafa ta a garin. Karin harshen Masar kuwa duk Balarabe yana ji saboda fina-finansu da waƙoƙinsu, in ka iya shi ka shiga ko'ina. Littafi a banza, ka je kasuwar tsofaffin littattafai ta Azbakiyya ka cika buhu. Kuɗinka zai isa har ka yi tsaraba. Tun da aka saki fam ɗin Masar ya bi farashin kasuwa a Maris 2024 ya tashi daga wajen 31 zuwa kusan 50 a dala ɗaya, mai dala ya zama sarki. Ni fam dubu biyu nake biya kuɗin gado a wata, mu huɗu a gida.

Maman Hibba: Fam dubu biyu? A wace shekarar? Ƙanina yana unguwar Faisal, ɗaki ɗaya a gidan haɗaka dubu shida yake biya, kuma mai gidan ya ce zai ƙara. Tun da 'yan Sudan suka kwararo haya ta haukace. Kada ku sa bawan Allah ya yi lissafi a kan tsohon farashi.

Ɗan Bu'us: Hajiya gado na ce, ba ɗaki ba.

Maman Hibba: Magidanci mai iyali za ka ce ya je ya kwana a gado mai hawa biyu da yara 'yan shekara goma sha tara?

Kwaram: Ni dai abin da na sani, ranar da na sauka na tare ɗan tasi na zuba masa Larabcin littafi da i'irabi cikakke. Ya saurara har na kai aya, ya ce sadaƙallahul azim, ya ja motarsa.

Anti Bilki: Kwaram wannan labarin kowa ya ce shi ya faru da shi. Malam Sadauki, ni na yi aiki a Amman da wata ƙungiyar agaji, kuma in labaran da ka lissafa ne damuwarka, can ya fi. Mai shagon unguwarku Bafalasɗine ne da kakansa ya baro Yafa a 1948, mai aski ɗan Dar'a ne da ya gudo yaƙin Siriya, likitan haƙori ɗan Bagadaza ne da ya zo bayan 2003. Ba sai ka shiga aji ba, ka zauna ka sha shayi ka yi shiru za ka ji tarihin yankin daga bakin waɗanda abin ya faɗa wa. A can na gane cewa tsakanin ɗan asalin gabashin Kogin Jodan da ɗan ƙasa mai tushen Falasɗinu akwai wata tsama da ba a faɗa a fili, har a ƙwallo, in Faisali da Wihdat za su kara sai an zuba 'yan sanda. Karin harshensu kuma ya fi kusa da na littafi, shi ne na Siriya da Labanan da Falasɗinu da ɗan bambanci. Matsalar ɗaya ce: tsada. Dinarinsu ya fi dala, ɗaya wajen dala 1.4 ne. Dubu huɗunka in ka biya makaranta ba za ta kai ka wata shida ba.

Ɗan Bu'us: To kin kashe maganarki da kanki Anti.

Anti Bilki: Wata biyar mai amfani ya fi shekara a cikin 'yan Najeriya ana cin tuwo ana hira da Hausa. Nawa ne a cikinku Hayyul Ashir suka taɓa shiga gidan Bamisre suka ci abinci?

Tsohon Khartum: Ni shawarata kada ka je ko'ina. Ka riƙe kuɗinka, ka sake sayen fili. Ina shekarar ƙarshe a wata jami'a a Khartum yaƙi ya tashi, 15 ga Afrilu 2023, ranar Asabar, muna cikin goman ƙarshe na azumi. Da asuba mun yi sahur lafiya, hantsi bai gama dagawa ba muka fara jin harbi ta wajen filin jirgi. Abin da ya fi ci min rai har yau, duk alamun suna nan muna kallo ba mu gane ba. Makonni ana ta ja-in-ja tsakanin Burhan, shugaban soja, da Hamidti, shugaban dakarun sa-kai na RSF, a kan yadda za a shigar da dakarun cikin soja, ɗaya na cewa shekara biyu ɗaya na cewa goma. Kwana biyu kafin nan an kai motocin RSF garin Marawi, soja suka fitar da sanarwa. Maƙwabtanmu 'yan ƙasa sun fara sayen gari da mai suna ajiyewa. Mu kuwa muna ɗaki muna haddar matani, ba wanda ya san ma waye Hamidti in ban da hotonsa a kan titi. Shekaru muna garin, siyasar garin ba mu san ta ba.

Ruwa ya ɗauke, wuta ta ɗauke, banki ya rufe, kuɗin da aka turo min na kammala makaranta ya maƙale. Muka yi sallar idi a tsakar gida. Da aka samo motocin da za su kai mu iyakar Masar, direban tamu ya tsaya tsakiyar sahara ya kashe mota ya ce ba a cika masa kuɗinsa ba. Akwai mata, akwai mai ciki. A bakin iyaka ta Arƙin muka yi kwanaki a ƙasa, rana ta dake mu, dare sanyi, banɗaki sai ka biya. Daga baya aka wuce da mu Aswan aka sa mu a jirgi. Na dawo da jaka ɗaya. Littattafaina, kwamfutata, takarduna na asali, duk suna can. Dillalin da ya kai ni tun farko, wanda mahaifina ya sayar da shanu ya biya shi, da na neme shi ya taimaka a samo min sakamakon jarrabawa sai ya ce in kawo dala ɗari biyar. Na kawo. Ya daina ɗaga waya. Yanzu ina sayar da kayan waya a Farm Centre, ƙannena da na bari a sakandare sun gama bautar ƙasa.

Maman Hibba: Innalillahi. Allah ya mayar maka da alheri ɗana.

Abu Huzaifa: Allah ya sa kaffara ce. Shi ya sa na ce Madina, can akwai aminci.

Kwaram: Malam ko tambaya aka yi a kan maganin basir Madina za ka ce.

Baba Mai Rediyo: Yaro, ni na zauna Alƙahira zamanin Sadat, ina can aka harbe shi a faretin 6 ga Oktoba 1981. Abin da wannan yaron na Khartum ya faɗa shi ne karatun. Ƙasashen nan sama lafiya, ƙasa wuta. Kuma ka sani, kai ɗan jarida ne, kalmar nan kada ta fito bakinka a filin jirgi. Ka je a matsayin ɗalibin harshe, ka saurara, kada ka ɗauki hoton gada ko ofishin 'yan sanda, kada ka tambayi ɗan tasi ra'ayinsa a kan shugaban ƙasa. Shi zai fara zagin gwamnati da kansa, kai dai ka ce Allah ya kyauta.

Ɗan Bu'us: Baba da girmanka, Masar ta 1981 ba ita ce ta yau ba. Mu da muke ciki yanzu ba wanda ya taɓa mu.

Anti Bilki: Ba a taɓa ku ba don ba ku tambayar komai. Shi tambaya za ta kai shi. Ka manta Giulio Regeni? Ɗalibi ne ɗan Italiya daga jami'ar Cambridge, bincike yake a kan ƙungiyoyin ƙwadago. Ya ɓace 25 ga Janairu 2016, bayan kwana tara aka tsinci gawarsa a gefen hanya da alamun azabtarwa. Hukumomin Masar sun ce ba hannunsu, Italiya kuwa ta gurfanar da jami'an tsaronsu huɗu a bayan idonsu. Wannan Bature ne mai ƙasa a bayansa. Maganar Baba tana nan daram.

Ɗan Bu'us: A Jodan ɗin ana zagin sarki ne? Ba a 2025 suka haramta Ikhwan, ƙungiyar 'Yan'uwa Musulmi, ba?

Anti Bilki: Ban ce aljanna ba ce.

Baba Mai Rediyo: Ku yaran yanzu in mutum bai turo hoto yana tsaye gaban dalar Fir'auna ba, ba ku yarda ya san wuri.

Issoufou Damagaram: Gaisuwa daga Nijar. Me ya sa ba wanda ya ce Maroko? Mu nan da yawa can muke zuwa da tallafin gwamnatinsu. Ga Fas, ga zawiyar Shehu Tijjani, ga Ƙarawiyyin. Ni da jikka ɗari na sefa nake wata a Rabat. Sai dai karin harshensu na Darija ko Balaraben gabas ba ya ji, kuma abu uku ba a taɓawa: sarki, addini, da maganar Yammacin Sahara.

Maman Hibba: Jikka ɗari a Rabat? Ɗan yayata cewa ya yi ninkin haka ma da ƙyar.

Issoufou Damagaram: Hajiya ke kowane gari kina da ɗan'uwa mai kashe kuɗi.

Sadaukin Gwale: Na gode ƙwarai. Anti Bilki, kuɗin makarantar harshe a Amman nawa ne a zango? Kuma Ɗan Bu'us, cibiyoyin Larabci masu zaman kansu suna ba da takardar da ake yin iƙama, wato izinin zama, da ita?

Ɗan Mai Wurno: Kafin su amsa. Ni Bahaushen Sudan ne, kakanninmu suna cikin waɗanda suka taso bayan yaƙin Burmi na 1903 suka zauna bakin Shuɗin Nilu. Na karanta abin da ɗan'uwa Tsohon Khartum ya rubuta, ku kun samu jirgi ya kwashe ku, mu ina za mu? Tambayata gare ka Malam mai rediyo: sau nawa ka karanta labarin Gaza a wata, sau nawa ka karanta na Junaina ko Fashir a Darfur? An kashe 'yan ƙabilar Masalit a Junaina a 2023, Musulmi ne, masu salla ne, baƙaƙe ne. Miliyoyin mutane sun bar gidajensu. Ban ga an yi tattaki a Kano ko Zariya saboda mu ba, ban ji alƙunutu ba. Za ka sayar da fili ka je ka koyi siyasar Larabawa, ga ta nan a maƙwabtanku ba ku leƙa ba.

Abu Huzaifa: Ɗan'uwa kada ka haɗa. Falasɗinu akwai Masallacin Ƙudus, kuma mamaya ce. Na Sudan fitina ce tsakanin Musulmi.

Ɗan Mai Wurno: Fitina da makaman wa? Masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce zargin da ake wa Daular Larabawa na ba RSF makamai ta Chadi abin gaskatawa ne, su sun musanta. Zinaren Darfur ina yake tafiya? Amma kowa na son bizar Dubai, sai a yi shiru.

Maman Hibba: Gaskiya ce mai ɗaci. Ni a Makka wata mata ta ja 'yarta daga kusa da ni a sahu, ta ce takruniyya. A gaban Ka'aba.

Ɗan Bu'us: A nan ma yara na bin mu suna kiran samara, wato baƙar fata, amma wallahi akwai na kirki. Mai gidanmu da azumi shi ke kawo mana buɗa-baki.

Anti Bilki: Kowa yana da mai gida na kirki. Ka tambaye shi ko zai ba ka 'yarsa.

Kwaram: Ni ko a Kano ba a ba ni ba Anti, kada a ɗora wa Larabawa.

Baba Mai Rediyo: Mu ma nan me muke kiran wanda ya zo daga kudu? A bar tone-tone.

Ɗan Mai Wurno: Ba tone-tone ba ne Baba, mutane ake binnewa a tsakar gida. Tsohon Khartum, wace unguwa ka zauna? Wasu jami'o'in sun buɗe ofis a Port Sudan, wasu a Alƙahira, suna fitar da sakamako. Ina da ɗan ƙanwata a can, zai iya tambaya maka.

Tsohon Khartum: Arkawit. In dai sai na sake tura wa wani kuɗi, a bar shi.

Ɗan Mai Wurno: Ba wanda ya ce ka turo ko sisi. Lambar rajistarka kawai, in kana tuna ta.