Tambayoyi kafin karatu: taimako ne ko lalata yaro?

Mushe Habu: Salamu alaikum malamai. Ina nan kan bakata: ba yaro tambayoyi kafin ya karanta labari lalata shi ne. Ƴan ajina masu shirin jarrabawar BEPC ta ƙarshen koleji, da sun ga tambaya biyar a allo, sai su sa bik kan takarda suna tsallake layi, farautar amsa kawai. Tambaye su me ya faru a labarin, sai kallon-kallo.

Madam Hadiza: Wa alaikumus salam. Haba Mushe, wanda aka aika kasuwar Dole sayen tattasai ai ba ya tsayawa rumfar atamfa. Aiken da ka yi masa ya cika, laifinsa me?

Mushe Habu: To ni kasuwar duka nake so ya gani, Madam.

Malam Sani: An taɓa gwada wannan a Amurka. A 1977 wasu masu bincike biyu, Pichert da Anderson, sun ba ɗalibai labarin yara biyu da suka gudu daga makaranta suka tafi gidan ɗayansu. Aka ce wa wasu su karanta a matsayin ɓarawo, wasu kuma mai son sayen gida. "Ɓarayin" suka fi riƙe telebijin da tarin tsofaffin sulallan uban, masu saye suka fi riƙe rufin da ke yoyo.

Mushe Habu: Alhamdu lillahi. Hujjata ke nan, kowa ya zubar da rabi.

Malam Sani: Dakata tukuna, yaya. A 1978 sun sake. Bayan kowa ya rubuta abin da ya tuna, aka ce su musanya matsayi ba tare da sun koma kan takardar ba. Sai ga mutane suna zaro abubuwan da ba su faɗa ba da farko. Ashe wasu abubuwan sun shiga kai, hanyar fitowa suka rasa.

Madam Hadiza: Ka ji ko? Sauya tambayar bayan sun rufe kaye, ka ga abin da za ya fito.

Malama Rabi: Ni dai ban yarda da ku duka ba. Waɗancan ƴan jami'a ne, da harshen uwarsu suka karanta. Namu da Faransanci suke kokawa, aji cike maƙil. Yaron da ke haɗa baƙi da ƙyar, in ba ka ba shi abin nema ba, layi uku ya gaji. Amma tambaya ɗaya mai faɗi ta isa, ba biyar ba.

Mushe Habu: Ɗaya na iya haƙura. Biyar kam, sai dai a ajinki, Madam Hadiza.