Na gama makarantar zane na dawo Damagaram, ta ina ake fara sanin mutane?

Bik_Baƙi:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Wata 7 ke nan da na gama makarantar zane na dawo gida Damagaram, diplom ɗina na cikin akwati ƙarƙashin gado. Abin da hannuna ya fi faɗawa shi ne zanen barkwanci da labari cikin hotuna, amma tunda na dawo aiki uku kawai na samu: allon wani mai aski a Sabon Gari, hoton ango da amarya da aka ba ni jika 3, sai wani mai shago da na zana wa tambari ya karɓa ta WhatsApp, yau wata 2 bai biya ni ba, kullum gobe in sha Allah. Abokan karatuna da suka zauna Yamai ina ganin su a Facebook ana kiran su baje koli, ni kuwa da safe in kai ƙanne lekol a babur, da dare fada da shayi. Tsohuwa ba ta cewa komi amma baba ya fara yi mini maganar shagon kawu a Kasuwar Dole.

Kuma akwai abin da ke damuna, duk sanda na ce wa mutum ina yin karikatir, wato zanen barkwanci, sai in ga fuskarshi ta canza. Don Allah waɗanda suka riga mu, ta ina ake kama hanya a garin nan? Ko in haɗa kaya in koma Yamai?

Tsohon_Fenti:

Wa alaikumus salam ƙanena. Fara da daina faɗin wannan kalmar. Kai kana yaro lokacin, amma mu muna nan ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015 da gari ya tashi bayan masallaci saboda zanen Annabi (SAW) da jaridar Faransa Charlie Hebdo ta buga, aka ƙona cibiyar al'adun Faransa da Nijar da coci-coci, aka rasa rayuka, washegari abin ya kai Yamai. Tun daga ranar, mutumin Damagaram in ya ji karikatir abu ɗaya ke zo mishi a rai. Ba kai yake ƙi ba. Ni cewa nake ina zanen littattafai da na wayar da kai, shi ke nan, in mutum ya ga aikin shi da kanshi zai yi dariya ya ce kai wannan ai maƙwabcina ne.

Maganar sanin mutane kuma, ni ban yi makaranta irin taka ba, da fentin allon shaguna da bayan manyan motoci na fara, amma abin da na gani shi ne aikin zane a nan ba ya bin ofis, yana bin injin buga takardu. Duk wanda ke son kalanda, bash na taro (babban ƙyallen sanarwa), katin aure, riga mai hoto, littafin ƴan makaranta, wurin mai bugawa yake fara zuwa, kuma yawancinsu hoton intanet suke kwaso mishi, sai ka ga ana maganar shayar da jariri a Mirriya an manna Baturiya. To je ka zauna a irin wannan shago. Ba ka je neman aiki ba, ka je gaisuwa, ka taya yaron da ke kan kwamfuta gyara hoto, ka nuna mishi dalilin da abin da aka turo ta WhatsApp ke fashewa in an buga shi babba, ka sha shayinsu ka sayi sukari wani lokaci. Ni sai da na yi kusan wata 3 ina haka kafin mai shagon ya ce wa wani "ga mai zane nan zaune". Wannan aikin ne ya haifi duk sauran.

Fadar da kake rainawa ma kasuwa ce. Ka riƙa zuwa da kaye, ka zana mai dafa shayi, ka zana ɗan kabu-kabu yana barci kan babur, ka ba su su sa a status. Amma ka tambayi mutum kafin ka zana shi, kuma matan mutane a'a.

Shi kuma mai tambarin nan, ka yafe ko ka tura mishi wani babban mutum, kuɗin dai sun yi nisa. Daga yau rabin kuɗi abans kafin ka ɗora bik, abin da za ka tura a duba ya zama ƙarami da sunanka a gicciye a tsakiya, babban fayil sai an cika. Wanda ya ji haushin abans dama ba shi da niyyar biya.

Yar_Birni:

Sannu ƙanena. Ni ba mai zane ba ce, ina aiki ne a wata ƙungiya ta kiwon lafiya, kuma mu ne masu neman irinku muna rasawa. Bara sai da muka aika aiki Yamai, aka dawo mana da hotuna masu kyau wallahi, amma da muka kai ƙauye gwaji matan suka yi ta dariya, wai wannan matar da ta ɗaura zane haka ba ta taɓa daka ba, kuma abin da ke cikin gonar masara ce mu kuwa hatsi muke nufi. Aka sake aiki daga farko. Wanda ya tashi a nan ya san yadda ake goyo, ya san rumbu, ya san tulu da randa ba ɗaya ba ne, ya san zanen dagi a bangon gidajen Birni. Wannan shi ne jarinka, na Yamai ba su fi ka a nan ba.

Amma gaskiya ɗaya, mu ba ma iya biyan mutum haka kawai a hannu. Mai lissafin kuɗi zai ce ina faktir, ina NIF, wato lambar biyan haraji. Masu hannu da yawa a nan suke faɗuwa, sai aikin ya tafi wurin mai shago da ke da takardu, shi ya ɗauke ka ya ba ka ɗan abin da ya ga dama. Ka nemi takardunka tun yanzu ko ka yi yarjejeniya a fili da wani mai su, a san kason kowa.

Kuma kar ka ɓata lokaci wurin neman ganin darakta. Mai kula da sadarwa da mai sayen kaya su ne ke riƙe da lambobin waya. Ka haɗa zane kamar 10 a PDF ɗaya mara nauyi, kar ka cika shi da jaruman katun na Japan kamar yadda yaran yanzu ke yi, ka sa uwa a asibiti, manomi, yara a aji, da shafi guda na labari mai magana da Hausa. Rubutun Hausar ya zama daidai da ƙ da ɗ da ɓ, don tunda aka mai da Hausa harshen ƙasa a 2025 ana ƙara tambayar abu da Hausa, in ka iya ajami ma ka nuna.

Ɗan_Tasha:

Ni dai ban yarda da su duka ba, ku yi haƙuri yaya. Yaro ya ce zanen barkwanci yake so, kuna mai da shi mai zana wankin hannu da sabulu. Zai ci abinci, ba musu, amma bayan shekara 5 hannun ya mutu. Mai zanen barkwanci jarida yake buƙata da masu gardama da shi. Dubi jaridar barkwanci Gbich a Abijan, tun 1999 suke fitowa kuma masu zane ne suka kafa ta. Dubi Mustapha Bulama, mai zanen barkwanci a jaridar Daily Trust ta Najeriya, zane ɗaya sai ya zagaye wayoyin arewa gaba ɗaya. A nan wace jarida za ta biya ka duk sati? Yamai kusan kilomita 900 ce, na sani, kwana guda cur a bas, amma Kano kamar 240 ce kuma can ne kasuwar littattafan Hausa da masu neman bangon littafi.

In ba za ka tafi ba to ka buɗe shafi ka ƙirƙiro mutum ɗaya naka, ɗan kabu-kabu ko tsohuwa mai ƙosai, ka riƙa fito da shi rana ɗaya a sati ba fashi. Ko kwamfuta ba ka da ita manhajar zane ibisPaint a waya ya isa farawa. Sai dai ka san inda kake taka ƙafa, dokar laifukan intanet ta 2019 an yi mata gyara a 2024 an dawo da ɗauri kan ɓata suna da zagi. Tsadar shinkafa, zafin Afrilu, ɗaukewar wuta, kuɗin lefe, duk fili ne. Fuskar wani babba da sunanshi kuwa, kai ka sani.

Bik_Baƙi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yaya Yar_Birni maganar NIF ɗin nan ban taɓa tunaninta ba sam. Ɗan_Tasha ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi, ina da wani tsoho mai gyaran rediyo da nake zanawa tun ina makaranta, shafi 14 na nan ban taɓa nuna wa kowa ba. Tafiya dai ba yanzu ba, kuɗin haya a Yamai ba ni da su kuma baba ba zai bari ba kafin salla. Malam Tsohon_Fenti, in ba damuwa zan so in zo in gaishe ka in ga yadda kake yanka farashi, don nan ne nake rawar baki.

Tsohon_Fenti:

Ba damuwa, turo mini saƙo ta ciki in kwatanta maka. Ka zo bayan la'asar, rana ta yi sanyi. Ka taho da tsohon mai rediyon nan duka shafi 14, kar ka zaɓo masu kyau kawai, ina so in ga na banzan ma. Kuma Ɗan_Tasha, wankin hannu da sabulun da kake wa dariya shi ya aurar da ƴata ta fari, amma kana da gaskiya, ni rabona da in zana abin da ba wanda ya sa ni har na manta. Diplom ɗin ka bar shi a akwati ƙanena, kaye da bik kawai.