Gwajin DNA zai iya haɗa mu da dangin kakanmu da ke Njamena?

Ɗan Garwa:
Assalamu alaikum. Kakan mahaifina ya baro ƙasar Kano shi da ƙaninsa bayan Turawan Ingila sun ci birnin a 1903, da niyyar zuwa Makka a ƙafa. Shi ya yada zango a Garwa da ke arewacin Kamaru, ya yi aure, bai ƙara gaba ba, ƙanin kuwa ya nausa gabas, daga nan labarinsa ya yanke. Abin da ya rage mana takarda ce guda a cikin gafakar Alƙur'aninsa, mai sunayen iyayensa da ajami, amma gara ta cinye gefen da sunan garinsu yake. Bara wani dattijo daga Njamena ya ce kakansa ma Bakano ne da ya bar wansa a Garwa, ya zauna a Fort-Lamy, sunan birnin kafin 1973. Shin gwaji zai raba mana gardama, kuma wa ya kamata a gwada?

Ma'aikacin lafiya, Marwa:
Wa alaikumus salam. Tunda tsatson maza kuke bi, ku fara da gwajin ƙwayar halitta ta Y, wadda ɗa namiji ke gada daga mahaifinsa kusan ba canji, irin wanda kamfanin FamilyTreeDNA ke yi da abin da aka goga a cikin kunci. A ɓangarenku mahaifinka ko baffanka zai wadatar a kwatanta shi da dattijon, amma kawu ko ɗan goggo ba zai yi ba, domin layinsu daban ne. Sai dai kada ku tsaya a sunan babban reshen zuriyar maza da sakamakon zai nuna, domin reshen R1b-V88 ya yawaita a tsakanin Hausawa da ƙabilun arewacin Kamaru, haɗuwa a kansa kaɗai ba hujja ba ce.

Gwaji na biyu yana auna abin da aka gada ta ɓangaren uwa da na uba, kuma a nan ne tsofaffi suka fi daraja, saboda gadon yana raguwa da rabi daga uba zuwa ɗa. Idan maganar dattijon gaskiya ce, shi da mahaifinka jikokin wa da ƙani ne, za a tarar sun yi tarayya a kusan kashi 3 cikin 100. Tsakaninka da 'ya'yansa kuwa abin bai kai kashi 1 ba, wani lokaci ma ba a ganin komai. Ku hanzarta tun dattawan nan biyu suna raye.

Hajiya, Njamena:
Ɗana, kafin a taɓa kuncin kowa, a zauna da su a faɗa musu abin da zai iya fitowa. A gidajenmu an riƙi 'ya'ya, an raini marayu da sunan mai gida, kuma sakamako na iya tono abin da magabata suka rufe. A shari'a aure ne ke tabbatar da nasaba, saboda haka kada takardar kamfani ta zama abin gori ko rigimar gado. Ka kuma tuna cewa a 2023 an saci bayanan kusan mutum miliyan 7 daga kamfanin gwajin DNA na 23andMe.

Bakatsinen Ngaundare:
Ni na gwada. Yawancin waɗanda aka nuna mini a matsayin dangi baƙaƙen fata ne na Amurka masu alaƙa ta nesa, domin mutanenmu da suka yi gwajin kaɗan ne, kuma ban samu sunan gari ko ɗaya ba. Naka ya fi nawa sauƙi tunda kana da wanda za a kwatanta da shi. Amma auren zumunci yana kumbura adadin abin da aka yi tarayya a kai, ya sa na nesa ya yi kama da na kusa.

Ɗan Garwa:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Hajiya, na karanta wa Baba maganarki, ya ce a fara kai wa dattijon hoton takardar, a ji ko sunayen da ya haddace sun zo daidai da nata, kafin a yi maganar gwaji.