Shafi shida da fom ɗaya: React ko in tsaya a HTML?

Sabon Shiga: Assalamu alaikum 'yan zaure. Wata ƙungiya mai taimakon marasa lafiya ce ta ba ni aikin shafinta na intanet. Shafuka shida ne, sai fom ɗin da mutum zai cike ya nemi taimako. Hannuna ya ɗan faɗa a React, kayan aikin nan na JavaScript da ake gina fuskar shafi da shi, amma ina ta wasiwasi. Yayyena, me kuka gani?

Ɗan Baya: Wa alaikumus salam. Shafi shida? HTML da CSS, wato ginshiƙin shafi da adonsa, sun ishe ka, ƙanena.

Mai Zane: Ya kama React ɗinsa. Abin da hannu ya saba shi ke fita da kyau.

Tsohon Hannu: Kafin ku raba wannan gardamar, bari in faɗa wa yaron nan abin da ya same ni, don ni ba React ce ta cuce ni ba, kayan aro ne. Na taɓa gina wa wata makaranta shafi. Don in faranta musu rai, sai na liƙa ɗan guntun kod na wani kamfani mai ƙidaya baƙi, layi ɗaya tak, kyauta. Ba zan kama suna ba. Shekara biyu shiru, har na manta da shi. Ran nan shugaban makarantar ya kira ni, murya na rawa, wai iyaye na buɗe shafin yana jefa su gidan caca. Na buɗe a kwamfutata, lafiya lau. Na ce masa wayoyinsu ne suka kwaso wani abu. Kwana huɗu ina musu da bawan Allah, ashe shi ke da gaskiya. Adireshin da nake ɗauko kod ɗin ya koma hannun wasu, su kuma suka saita shi ya riƙa kama masu waya kaɗai, kuma ba kowane shiga ba. Ranar da na gani da idona a wayar ƙanwata, jikina ya yi sanyi. Na zauna na ƙirga wuraren da shafin ke ɗauko kaya a duk buɗewa, guda 14, kuma rabinsu ban san masu su ba. Iyayen nan makarantar suka yarda da ita, makarantar ta yarda da ni, ni kuma na miƙa su ga wanda ban taɓa gani ba. Har yau abin yana ci mini rai. Tun daga nan duk abin da zan iya ajiyewa a sabata, can nake ajiye shi. Wanda ya zama dole in aro, sai na sa masa integrity, wato hatimin tantancewa, don burauza ta ƙi shi idan an sauya ko harafi ɗaya, in kuma rubuta Content-Security-Policy, ƙa'idar da ke faɗa wa burauza wuraren da aka yarda ta ɗauko kaya.

Uwar Ɗaki: Allah ya kiyaye gaba, Malam. Irinsa sak aka yi da polyfill.io, adireshin da shafuka ke aro kod don su yi aiki a tsofaffin burauza. An sayar da adireshin a Fabrairun 2024, zuwa Yuni aka gano yana cusa mugun kod, shafuka sama da 100,000 na ɗauko shi.

Ɗan Baya: Ga left-pad ma a 2016. Kod mai layi 11 mai shi ya cire daga npm, rumbun da ake ɗauko kunshin kod, manhajojin da suka dogara da shi suka riƙa rushewa ta ko'ina. Shi ya sa na ce HTML.

Mai Zane: To ai HTML ɗin ma ana liƙa masa kayan aro. Kada ka laɓe a bayan labarin Malam ka ci gardama.

Ɗan Baya: Hajiya, ƙirga abin da ke sauka a babban fayil ɗinki bayan kin girka React da 'yan rakiyarta, sai mu yi magana.

Uwar Ɗaki: Ku bar wannan, ni fom ɗin ne ya tsaya mini a rai. Ƙanena, me da me za a tambayi mara lafiya?

Sabon Shiga: Suna, lambar waya, adireshin gida, ranar haihuwa, irin ciwon, da hoton takardar asibiti, Yaya.

Uwar Ɗaki: Ya yi yawa. Koma ka tambaye su wanne suke buƙata kafin su kira mutum a waya. Ina kyautata zaton suna da lamba sun wadatar, sauran a karɓa baki da baki. Abin da ba ka ajiye ba, ba mai sace shi a hannunka. Dokar GDPR ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a Mayun 2018, ta ware bayanan lafiya cikin masu tsananin kariya, tararta kuma tana kaiwa Yuro miliyan 20 ko kashi 4 cikin 100 na cinikin kamfani a shekara. Ko dokar ba ta hau kanka ba, ciwon mutum sirrinsa ne. Kuma don Allah kada ka sa kod ɗin talla ko na bin sawu a shafin da fom ɗin yake.

Tsohon Hannu: Har salon rubutu. A Janairun 2022 wata kotu a Munich ta sa mai wani shafi biyan Yuro 100 saboda yana ɗauko salon rubutu na Google Fonts kai tsaye, adireshin IP na baƙo, wato lambar da ake gane shi da ita a intanet, yana tafiya wurin Google ba da izininsa ba. Sauke fayil ɗin ka ajiye a wurinka.

Mai Zane: In za ka rage masa nauyi, duba kada ka yanke ƙ da ɗ da ɓ.

Mai Sauraro: Na daɗe ina jin ku, bari in sa baki. Ni da kunne nake shiga intanet, da manhajojin da ke karanta mini allo, NVDA a kwamfuta, TalkBack a waya. Ban damu da abin da kuka gina shafi da shi ba, na ci karo da mai kyau da mara kyau a kowane ɓangare. Abin da ke tsayar da ni ƙanana ne. Maɓallin da aka yi da div, wato akwati kawai a HTML, maimakon button, manhajata ba ta san maɓalli ba ne. Gurbin fom da ba shi da label, wato sunan gurbin, sai in ji an ce in rubuta, ban san me zan rubuta ba. Sai kuma a ƙarshe, bayan na sha wahalar cikewa, a ce in zaɓi hotunan da ke da mota. Ƙungiyar marasa lafiya ce fa, cikin masu neman taimakon akwai irina, akwai tsoho mai rawar hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mutum biliyan 2.2 ke da matsalar gani. Kuma kada wani ya sayar maka da ɗan maɓallin nan da ake liƙawa a gefe wai yana gyara komai da kansa. Sau da yawa faɗa yake yi da manhajata.

Uwar Ɗaki: Gaskiya ne. A Janairun 2025 hukumar FTC mai kare masu saye a Amurka ta nemi accessiBe, kamfanin da ke sayar da irin maɓallin nan, ya biya Dala miliyan 1 kan irin wannan iƙirarin.

Ɗan Baya: Hajiya Mai Zane, kin ji ko? Rubutun nan naki mai ruwan toka a kan fari, ko shaho sai ya nemi tabarau.

Mai Zane: Sharri ne! Tun bara nake auna bambancin launin rubutu da na bayansa da 4.5 zuwa 1 kamar yadda WCAG, ƙa'idar sauƙaƙa shafuka ga masu naƙasa, ta ce. Kai da fom ɗinka ke goge duk abin da mutum ya rubuta in ya kuskure lamba ɗaya fa?

Ɗan Baya: Na gyara wannan tun tuni.

Shugaban Zaure: Ya isa haka, ku biyun.

Ɗan Gaggawa: Ni ban ga abin wahala ba, ƙirƙirarriyar basira ta rubuta masa duka cikin minti biyar.

Tsohon Hannu: Ta rubuta, amma ya karanta kowane layi kafin ya ɗora. Takan ƙago sunan kunshin da babu shi, mugu kuma yana iya rajistar wannan sunan ya zauna jira.

Mai Sauraro: Kuma div take yawan zubawa in ba ka ja mata kunne ba.

Uwar Ɗaki: Hotuna ma ka mayar da su WebP, tsarin hoto mara nauyi, ka gwada a tsohuwar waya da intanet mai rauni. Ma'aunin Google daƙiƙa 2.5 ne babban abin da ke shafin ya bayyana.

Sabon Shiga: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na kira su, sun yarda a cire hoton takarda da adireshin gida. Yaya Mai Sauraro, na kunna TalkBack in gwada, yanzu wayar sai magana take, na kasa komawa baya.

Mai Sauraro: Taɓa sau ɗaya ka ji sunan abu, sau biyu da sauri ka buɗe shi, yatsu biyu ka ja allo. In kana son kashewa, danne maɓallan ƙara da rage murya tare na 'yan daƙiƙu. Amma kafin ka kashe, rufe idonka ka cike fom ɗin naka har ƙarshe, ka turo mini inda ka maƙale.